Tawadar da Ta Hau Sikeli

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, wasu ko za a yanka ni ba zan iya tuno su ba. Amma ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tsaya gaban wani farfesa da alƙalamin kara a hannuna ba, na ce masa laifin da yake nema ba a littafin ɗalibarsa yake ba, a kurtun tawadata yake. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya daga shekarun da na yi a ɗakin gwaji, wannan zan bayar, don shi ya fi koya mini aiki.

Sunana Haladu, mutumin Rurum ne ni, kuma a lokacin ina kula da ɗakin gwajin kimiyya na wata makarantar sakandare a Rano. Ga wanda bai san aikin ba, malami shi ke koyarwa, mu kuma mu shirya masa kayan aiki, mu haɗa ruwan sinadarai, mu wanke kwalabe, mu kulle duk abin da zai iya ƙona ɗalibi. Ina mataki na shida, takardar ƙarin girmana zuwa na bakwai tana kan teburin firinsifal tana jiran sa hannu. Shekarun farko ne bayan dawowar mulkin farar hula, Shari'a ta shigo Kano da zafinta, duk majalisar da ka zauna zancen gyaran mudu da sikeli a kasuwa ake yi. Ni kuwa in aka fara wannan hira sai in gyara zama, don na san a duk ƙasar Rano ba wanda yake riƙe da sikeli mai gaskiyar nawa.

Ba cika baki ba ne. Tsohon sikeli ne mai hannu biyu, a cikin akwatin gilashi, ba ruwansa da wutar lantarki. In ka ɗora masa gashin gira ɗaya allurarsa sai ta motsa. A sito na tsince shi ƙura ta rufe shi, na kwance shi, na goge, na mayar da kowane ƙarfe mazauninsa. Ɗalibi ba ya taɓa shi. Malamai ma sai ina tsaye a kansu.

Saboda wannan sikelin Malama Hajara ta zo wurinmu. 'Yar Kibiya ce, tana koyar da fiziks a wata jami'a a Kano, tana kuma karatun digirin dakta. Shekara uku ta zuba a aikin. Sai aka shiga dogon yajin aiki, aka kulle sashensu da kayan awonsu a ciki, ga shi wa'adin karatunta saura 'yan watanni. Wani tsohon ɗalibinmu ya ba ta labarin sikelina, ta zo da takarda daga malamin da ke duba aikinta, wanda duk muke kira Farfesa. Firinsifal ya karanta ya ce ya yarda, da sharaɗi biyu: ni zan riƙa taya ta, kuma ƙofar ɗakin gwaji ta zauna a buɗe.

Na ce, "Yallaɓai, ai iska abokiyar gabar sikeli ce."

Ya ce, "Malam Haladu, bakin mutane ya fi iska kaɗa abu. A bar ƙofa a buɗe."

Sai na nemo kafinta. Muka huda tebur, muka ɗora sikeli a sama, muka zuro zare daga hannunsa ɗaya ta cikin hudar zuwa wani akwatin katako da ke ƙasa, inda iska ba ta kaiwa. A cikin akwatin muka zaunar da maganaɗisun da ta zo da shi, wato mayen ƙarfe, ƙato, sai da mutum biyu suka sauke shi daga mota. Duk abin da aka rataya a zaren, in maganaɗisu ya ja shi ƙasa, sikeli zai nuna ya ƙara nauyi. Iyakar dabarar ke nan.

Kullum da safe take zuwa a kan acaɓa daga Kibiya. A makon farko ta jera kwalabe a kan kanta, kowacce da ruwan wani gishirin sinadari. Bazara ce, ruwan yana ƙafewa a hankali, gishirin yana daskarewa a ƙasan kwalba, ya yi fuskoki sumul kamar an sassaƙa. Shi take kira kiristal. Wasu ruwan hoda, wasu kuma kusan farare. Ni mutum ne da ba na iya wanke kwalba ban san abin da aka zuba a ciki ba, don haka na tambaye ta me muke nema.

Ta ce, "Malam, gishirin nan shi kaɗai bai san maganaɗisu ba, ko ka wuni kana kiransa. Amma na sa masa baƙi a ciki, 'yan ƙwayoyin ƙarfe kaɗan. Mai ruwan hodan nan baƙonsa kobal ne, farin kuma manganis. Kowane baƙo ɗan ƙaramin maganaɗisu ne."

"Me ya mai da shi maganaɗisu?"

"Ilektoron ɗin da ke jikinsa, wato 'yan mitsi-mitsin abubuwan da ke cikin kowace ƙwaya. Kowanne motsi biyu yake yi. Yana juyi a kan kansa kamar katantanwar yara, yana kuma kewaya tsakiyar ƙwayar. A kobal, juyin nan da kewayen nan a ɗaure suke da juna. Shi kuma kewayen ba yadda ya ga dama yake yi ba, maƙwabtansa na cikin kiristal su ke shata masa hanya. Ka ga maƙwabta sun riƙe kewaye, kewaye ya riƙe juyi. Shi ya sa kobal yake da gefen da yake amsa kiran maganaɗisu da sauri, da gefen da yake noƙewa."

"Manganis fa?"

"Nasa kewayen sun kashe juna, ba abin da ya rage da zai riƙe juyin. Ta ko'ina ka kira shi, amsa ɗaya ce."

Na ce, "Wato kobal akuya ce a turke, manganis kuwa sakakkiya, duk inda aka kaɗa kwanon dusa tana nan."

Ta yi dariya har ta dafa tebur, ta ce in an koma aji sai ta sace mini wannan misali. Tun daga ranar na ɗauki aikin tamkar nawa.

Ga yadda ake awon. Ba a rataya kiristal tsirara. Ana yanko ɗan faifai daga ɓargon karan dawa, farin abu mai laushin nan na ciki, don ba shi da nauyi kuma maganaɗisu bai san da shi ba. A manna kiristal a tsakiya, a soke faifan da ƙayar aduwa maimakon allura, a rataye shi a tsaye kamar ƙafar keke, a saman bakin maganaɗisu. A gefen faifan akwai zane goma sha biyu, kamar na fuskar agogo. A sa zane na ɗaya a ƙasa a auna, a juya zuwa na biyu a auna, har a zagayo. Kafin mu fara, ta rataya faifai wofi, ba kiristal, ta zagaya da shi. Allura ba ta ko motsa ba. Ta rubuta a littafinta ta ce, "Faifanmu ba shi da laifi."

Na kobal muka fara, ita ta yi zanensu da fensir. Abin gwanin sha'awa. Jan maganaɗisu ya hau, ya sauka, ya sake hawa, ya sake sauka, sau biyu a kowane zagaye. Zane na ɗaya da na bakwai, da yake suna fuskantar juna, lambarsu ɗaya. Mako uku muka yi a kan wannan, ba wanda ya saɓa.

Ana gab da fara na manganis sai mahaifiyarta ta kwanta rashin lafiya. Ta ce za ta yi kwana uku ba ta zo ba, in yanka faifai takwas, in manna kiristal, in yi zanen da fensir yadda na ga tana yi. Na yanka, na manna. Da na zo zane sai fensir ya ba ni haushi. In ka danna ya yaga ɓargon, in ka sassauta zanen ba ya fita. Na dubi nata na baya, duk sun yi dishi-dishi, sai mutum ya ƙanƙance ido. Na ce a raina, ni Haladu ɗan Malam, in miƙa wa mutum irin wannan aiki?

Dole in gaya muku wani abu a kan gidanmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, marubucin Alƙur'ani ne, kuma a hannunsa na koyi haɗa tawadar takarda, wadda ake kira yambari. Ba irin ta allo ba ce da ake wankewa. Ana dafa bagaruwa da kashin maƙera, wato ragowar da ke fita daga wutar maƙeri, a sa ƙaro, a tace. Shi yakan tace sau uku. Ni kuwa don ina son baƙinta ya yi sidik, nakan daka kashin maƙeran ya yi laushi, in tace sau ɗaya in bar shi haka. Kullum da kurtuna da alƙalamina a aljihun tebur, da su nake rubuta sunayen kwalabe, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya yaba hannuna. Su na ɗauko. Na yi zane goma sha biyu siri-siri a kowane faifai, sannan a kan zane na ɗaya na ɗiga babban ɗigo mai kauri, don kada a ɓata wajen gane mafari. Ko a zuciyata ban kawo cewa na yi wani abu da ya kamata a faɗa ba.

Da ta dawo ta ɗaga ɗaya ta ce, "Kai, Malam, wannan ai kamar daga inji ya fito." Na ji daɗi har cikin raina. Ba ta tambayi da me na rubuta ba, ni ma ban ce ba.

Muka fara awo, sai manganis ya ƙi zama sakakkiyar akuya. Zane na ɗaya yana ƙasa, ja ya yi ƙarfi har ya ninka na kobal. Ana juyawa ya yi ta raguwa, a na bakwai ya kusan komawa yadda ake tsammani, sannan ya sake hawa. Muka sake, haka. Muka ɗauko na biyu, na uku, har na takwas, duk bakinsu ɗaya. Ta zargi zare, muka canza. Ta zargi iska, na toshe kowace kafa ta akwatin da tsumma. Ta dubi sikeli ta dube ni, na ce, "Malama, ki zargi kowa a ɗakin nan, ban da wannan." Na kawo duwatsun awo na gwada mata shi a gabanta, bai kuskure ba. Laifi tudu ne, ina tsaye a kan nawa ina hangen na zare.

Ita mace ce da ba ta ɓoye lamba. Ta kwafe abin da ta gani yadda yake, ta aika wa Farfesa Kano. Ranar Asabar sai ga shi da kansa. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya, amma in ya cire tabarau ya goge, kowa ya san akwai magana. Ya zauna ya buɗe littafinta, ya daɗe yana dubawa, ni ina gefe ina goge kwalaben da na riga na goge.

Ya ce, "Hajara, kiristal ya san kai da ƙafa?"

Ta ce, "A'a, ranka ya daɗe."

"To in an kifa shi, ja zai canza?"

"Ba zai canza ba."

"To me ya sa zane na ɗaya da na bakwai suka bambanta a nan? Na kobal sau biyu yake hawa a zagaye, yadda ya kamata. Wannan sau ɗaya. Ga shi kuma manganis, wanda ba abin da ya ɗaure juyinsa, ya fi kobal zaɓen gefe. Ba kiristal ɗin da zai ba da waɗannan lambobi. Ni a sanina, irin wannan kuskure hannun da ya gaji da awo ya koma cike gurbi da ka shi ke yin sa."

Ta ce, "Wallahi ranka ya daɗe, abin da sikeli ya nuna na rubuta."

Ya ce, "Ba rantsuwa na zo karɓa ba. Asabar mai zuwa zan dawo. Ki ciro sabbin kiristal daga kwalbar nan, ki yanka sabon faifai a gabana, ki zana a gabana, mu auna. In lambobin suka yi daidai da na littafin nan, zan ba ki haƙuri. In suka saɓa, na cire hannuna daga aikinki, kuma zan rubuta dalili."

Ku da kuke wannan aiki kun san ma'anar haka. Ba digiri kaɗai za ta rasa ba. Malamar jami'ar da aka rubuta cewa ta ƙirƙiri lamba, ta gama. Da ya tafi ta tattara jakarta. Ta ce, "Malam, ba na tsoron a ce ban iya ba. A ce na yi ƙarya ne ba zan iya ɗauka ba." Na tausaya mata ƙwarai, na kuma ba ta tabbaci da bakina cewa ranar Asabar sikeli zai wanke ta. Har lokacin ina ganin kaina cikin masu gaskiya.

Ranar Alhamis da hantsi, ba ta zo ba, na ce bari in share akwatin maganaɗisu kafin zuwan Farfesa. Na gama rubuta sunan wata kwalba ke nan, alƙalamin yana saƙale a kunnena. Na durƙusa na leƙa ciki, sai ya zame ya faɗa. Na kai hannu in ɗauka a ƙasan akwatin, babu shi. Na duba da kyau, sai ga shi a manne da bakin maganaɗisu, ta wajen tsininsa inda tawada ta bushe ta yi kauri, gindinsa yana lilo a iska.

Kara ne fa. Karan da muka ce maganaɗisu bai san da shi ba. Na cire shi, na matso da shi, ya sake mannewa. Na juya gindinsa, inda ba tawada, ya faɗi ƙasa. Kashin maƙera! Shekara da shekaru ina daka shi da hannuna, ban taɓa tsayawa na ce wa kaina wannan fa ragowar ƙarfe ce ba. A wurina kayan tawada ne kawai, kamar bagaruwa da ƙaro.

Ban yarda da ido kaɗai ba. Na yanka sabon faifai, ban manna masa komai ba, na yi masa zane da ɗigo yadda na yi wa na baya, na bari ya bushe, na rataya. Ɗigo yana ƙasa kusa da maganaɗisu, sikeli ya rinjaya. Na juya ɗigo ya koma sama, ja ya ɓace. Sau ɗaya a zagaye. Garin neman gira na tsone wa baiwar Allah ido.

Zan faɗa muku gaskiyar abin da ya zo mini a rai, don kada ku ɗauka waliyyi ne yake ba ku labari. Ba wanda ya gani. In na yi shiru, ranar Asabar za a yanka sabon faifai, ta zana da fensirinta, manganis ya fito lafiya lau. Tsofaffin faifai takwas kuwa ko a murhun mai abincin makaranta na jefa su, shi ke nan. Takardar ƙarin girmana ta wuce, sunana na gwanin sikeli yana nan. Amma da na bi lissafin zuwa ƙarshe sai na ga inda ya tsaya. In sabbin lambobi suka fito daidai, sun saɓa da na littafinta ke nan, kuma abin da Farfesa ya ce zai kama ta da shi ke nan. Gyaran da zai rufa mini asiri shi ne zai tabbatar mata da ƙaryar da ba ta yi ba. Na zauna a kan kujera na kai rabin awa. Daga nan na ɗauko faifai takwas ɗin na sa a gwangwani, na kulle a kabad, na sa mabuɗin a aljihu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau acaɓa zuwa Kibiya. Aka yi mini sallama da ita, ta fito zaure, muka gaisa, na tambayi mai jiki. Sannan na fito da alƙalamin da wani ɗan maganaɗisu na ɗalibai, na manna su a gabanta, na faɗa mata komai. Ta daɗe tana kallon alƙalamin yana lilo. Na shirya wa faɗa, don na cancanta.

Sai ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe manganis bai yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba." Hawaye ya zubo mata, ta share da gefen mayafi. Can ta ce, "Malam, ni ma da laifina. An canza abin zane, ya kamata in sake auna faifai wofi, ban yi ba. Gobe ka bar ni in yi bayani. Zan ce tawada ce, ba sai an ce ta wa ba. Na san takardarka tana kan tebur."

Na ce, "Malama, in kika faɗa da bakinki, zai ce kin kwana bakwai kina neman mafita kin samo. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni zan faɗa."

Asabar da misalin ƙarfe goma Farfesa ya iso, firinsifal ma ya shigo, don ya ji ƙishin-ƙishin ɗin abin da ake ciki. Farfesa ya zauna ya ce a kawo kara da wuƙa. Na matso na ce, "Ranka ya daɗe, kafin a yanka, ina roƙon a ba ni minti goma. Akwai abin da zan auna."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ne mai sikelin?"

"Ni ne."

"Bismilla."

Na ɗauko faifan nan wofi na miƙa masa ya juya shi gaba da baya, ya tabbatar ba kiristal a jiki. Na rataya. Na ce masa shi ya karanta allura da kansa, ni in juya. Zane na ɗaya, ya karanta ya rubuta. Na biyu, na uku. Muna kaiwa na bakwai ya daina rubutu, ya jawo littafin Malama Hajara ya ajiye kusa da takardarsa. Muka ƙarasa zagayen. Hawa ɗaya, sauka ɗaya, kamar an kwafa daga littafinta.

Ya ce, "Mene ne a jikin faifan nan?"

Na ciro alƙalamin na manna a bakin maganaɗisu, na bar shi yana lilo. Na ce, "Tawadata ce, ranka ya daɗe. Da kashin maƙera nake haɗa ta. Malama ta ce in zana da fensir, na ga fensir bai yi kyau ba, na yi gaban kaina, kuma ban faɗa mata ba. Duk lambar da ke littafin nan sikeli ne ya ba ta, ina tsaye aka karanta kowacce. Ba manganis ta auna ba, ɗigona ta auna. Ga sauran takwas ɗin a gwangwani, ban taɓa su ba."

Firinsifal ya ce, "Haladu! Wa ya aike ka?"

Na ce, "Ba kowa, Yallaɓai. Iyawa ce ta yi mini yawa."

Farfesa ya sa aka yanka sabon faifai, Malama Hajara ta zana da fensir, aka auna shi wofi, shiru. Aka manna sabon manganis aka zagaya da shi. Daga na ɗaya har na sha biyu allura kusan wuri ɗaya take tsayawa. Ya ce a kawo kobal ɗaya, aka rataya, ya hau sau biyu ya sauka sau biyu. Sai ya cire tabarau ya goge, ya miƙe tsaye ya fuskanci ɗalibarsa.

Ya ce, "Hajara, a ɗakin nan na zarge ki, a ɗakin nan zan janye. Na yi miki zaton abin da ba ki yi ba, ki yafe mini. Da kin gyara lambobin nan sun yi kyau, da ban taɓa sanin komai ba. Kin kawo su da muninsu, ni kuma na saka miki da zargi." Ya ɗan tsaya. "Amma faifai wofi, duk ranar da aka canza ko da zare ne, a sake auna shi. Wannan naki ne."

Ta ce, "Na karɓa, ranka ya daɗe."

Ya juyo kaina. "Malam, da ka jefar da gwangwanin nan fa?"

Na ce, "Na yi tunanin haka, ranar Alhamis."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Na sani. Kowa zai yi." Sannan ya ce wa Malama Hajara kada ta yage shafin nan. Ta sa shi a ƙarshen kundinta, da awon faifai wofi a gefensa, don wanda zai zo baya ya san yadda ake bambance baƙon da ke cikin kiristal da dattin da ke bayansa. Na ciki yana bin tsarin gidan da ya sauka, ya hau sau biyu ko ya tsaya cak. Na waje ba ruwansa da gida, kusancinsa da maganaɗisu kawai ya sani.

Ban fita salin alin ba. Ranar Litinin firinsifal ya ba ni takardar tuhuma, na amsa a rubuce, da biro. Takardar ƙarin girmana ta koma aljihun tebur, sai da shekara ta zagayo ta fito. Malaman makaranta kuma suka samu abin yi, har na bar wurin in na wuce sai wani ya ce a ɓoye makullai kada a daka su a tawada, ga mai kashin maƙera nan. Na ji zafin shekarar nan, ba zan ɓoye ba. Amma ko sau ɗaya ban yi da-na-sanin buɗe bakina ba.

Abin da na koya, ku masu tasowa, bai wuce biyu ba. Na farko, sikeli ba ya ƙarya, amma bai san abin da kake nufin aunawa ba, duk abin da ka rataya masa shi zai faɗa. Don haka ku auna wofi kafin ku auna kaya. Na biyu ya fi wuya. A aikinmu sunan wani ne yake kan takarda, hannunmu kuma shi ne a kan kayan. In muka canza abu komai ƙanƙantarsa muka yi shiru, ba mu za a kama ba, shi za a kama. Ragon ma'aikaci bai cika ba ni tsoro ba, don aikinsa a fili yake. Gwani nake tsoro, irina, wanda zai gyara abin da ba a ce ya gyara ba.

Malama Hajara ta gama aikinta cikin wa'adi. Bayan an janye yajin aiki ta zo Rano da kanta, ta kawo mini kwafin kundin mai baƙin bango. Na buɗe ƙarshe na sami shafin. Ga layin manganis a miƙe, ga na faifai wofi da ƙusumbinsa guda, a ƙasa an rubuta cewa Malam Haladu, ma'aikacin ɗakin gwaji, shi ya gano musabbabin wannan kuskure. Na ce, "Malama, kin manta ba ki rubuta wanda ya jawo shi ba."

Ta ce, "Wannan kai ka riga ka faɗa, a gaban wanda ya kamata ya ji."

Ta ciro nata kwafin, ta miƙo mini shafin farko ta ce in rubuta mata Bismilla da hannuna. Na jawo aljihun tebur na ɗauko kurtu. Amma sai da muka fita waje, ƙarƙashin darbejiya, nesa da sikeli, sannan na tsoma alƙalami.